Taya ɗaya a gaba ko biyu: me ke sa adaidaita ɗaga ƙafa a kwana?

Duk adaidaitar da ke yawo a Maradi, daga bakin Babbar Kasuwa zuwa Zariya, daga Bagalam zuwa Ali Ɗan Tsoho, ƙirarta ɗaya ce: taya ɗaya a gaba, biyu a baya. Haka ma baburan dakon kaya masu akwati a baya, waɗanda Kanawa ke ce wa kurkura. Ido ya saba da wannan zubi har ya daina tambaya. Amma a Turai da Amurka, yawancin masu ƙafa uku da ake ƙerawa don gudu a juye suke, biyu a gaba, ɗaya a baya, kuma maƙeransu na cewa wannan zubin ya fi zama daram a kwana, ya kuma fi ratsa iska. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai maganar tasu tana da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne suka shafe mu.

Gardamar ta girmi kowa a cikinmu. Motar da Karl Benz ya yi wa rajista a Jamus a 1886 taya ɗaya gare ta a gaba. Bayan kamar shekara goma Léon Bollée ya fito da tasa a Faransa mai biyu a gaba, kamfanin Morgan na Ingila ya bi wannan sawu tun 1910, ya yi ta ƙera su har 1952, ya sake komawa kansu a 2011. Tamu ta wani tsatso ta fito. A 1948 kamfanin Piaggio na Italiya ya ɗauki gaban babur ɗin Vespa ya jona masa tayoyi biyu da akwati a baya, ya sa masa suna Ape. Bajaj na Indiya ya fara ƙera irinsa da lasisi, a 1977 kuma ya mayar da injin can baya, bayan kujerar fasinja. Wannan ce ta shigo Legas zamanin gwamnan soja Buba Marwa, ta bazu a Najeriya da shirin yaƙi da talauci na NAPEP na 2001, Kano ta raɗa mata sunan da muke kiranta da shi a zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau. Ma'ana, kakanta babur ne da aka goya wa kaya. Ba a taɓa zana ta don gudu ba.

A fara ba ƙafa uku haƙƙinta. Duk wadda ta yi girki a murhu ta san abin da ya sa duwatsun suke uku: ko ƙasa ba ta daidaita ba, tukunya za ta zauna a kan dukkansu. Haka abin hawa mai taya uku, a kowace irin hanya tayoyinsa uku na ƙasa, gangar jikinsa ba ta murɗewa kamar ta mota idan taya guda ta faɗa rami, saboda haka ana iya yin ta da ƙarfe marar nauyi, a saukar da farashi. Matsalar ita ce tukunya ba ta shan kwana.

Idan aka ja layi a ƙasa daga inda kowace taya ta taɓa zuwa ƴar'uwarta, alwatika za a samu. A cikin abin hawan kuma akwai wani wuri guda da za a iya cewa nan duk nauyin ya taru, na inji da ƙarfe da mutane da kaya. Shi ake kira cibiyar nauyi. A tsaye, nauyin na sauka daga cibiyar kai tsaye zuwa ƙasa, ya faɗa cikin alwatikar. A kwana kuwa akwai ƙarfin da ke tura komai waje, wanda kowane fasinja ya san shi a kafaɗarsa, sai layin saukar nauyin ya karkace. Muddin ƙarshensa na cikin alwatika, lafiya lau. Da ya taɓa gefe, tayar ciki ta bar ƙasa. Mota mai taya huɗu faɗinta ɗaya ne daga gaba har baya. Alwatika kuwa tana da faɗi a wajen tayoyi biyun, tana tsukewa har ta zama babu a wajen taya gudan. Don haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: a ina nauyin ya zauna, kusa da faɗin ko kusa da tsinin, kuma tsayinsa nawa daga ƙasa?

Lissafi zai fi fito da abin. Adaidaita irin ta Bajaj, tsakanin tayoyinta na baya kusan santimita 115 ne, daga tayar gaba zuwa layin na baya kuma kusan mita 2. Mu ƙaddara tana ɗauke da direba da mutum uku a baya, cibiyar nauyin ta zauna kashi ɗaya cikin uku na tsawon daga baya, a tsayin santimita 65. A daidai wurin, daga tsakiya zuwa gefen alwatika bai wuce santimita 38 ba, alhali a kan layin tayoyin baya ya haura 57. Raba 38 da 65, za ka samu kashi 58 cikin 100. Wato da zarar ƙarfin da ke tura ta waje ya kai kashi 58 na nauyinta, ƙafa ta tashi. A kwanar da ke zagaye da tazarar mita 10 daga tsakiyarta, irin ta ƙaramin shataletale, gudun kilomita 27 a awa ya isa ya kai ta nan. A zahiri ma bai kai haka ba, domin sifirin na lotsawa, taya na lanƙwasa, jiki ya riga ya kwanta waje kafin a zo iyaka. Gwada da ƙaramar mota mai tazarar santimita 150 tsakanin tayoyi da cibiya a tsayin 55: sai ƙarfin ya kai kashi 136 kafin ta ɗaga. Taya kuwa a busasshiyar kwalta ba ta iya riƙe fiye da kashi 70 zuwa 80. Saboda haka mota zamewa take yi tun kafin ta kai ga kifewa, adaidaita kuma kifewa take yi tun tayarta ba ta gaji da riƙo ba.

Akwai abin da ke biyo bayan wannan wanda ba ya yi wa kunne daɗi. Titunan da aka shimfiɗa a garin, musamman lokacin shirin ƙawata gari na Maradi Kwalliya a 2015, sun sauƙaƙa zirga-zirga, amma ga mai ƙafa uku kwalta mai kyau tana ƙara gudu, tana kuma ƙara riƙon taya. A kan burji ko rairayi baya kan ɗan zame, direba ya ji gargaɗi ya sassauta. A kan kwalta gargaɗin farko shi ne tayar da ta tashi.

Yanzu a je bakin kasuwa ranar Juma'a da la'asar. Mata uku sun cika kujerar baya, akwai yarinya a tsaye, ga buhu biyu na masara a ƙasa.

"Hajiya, a ɗan matsa, yarinyar ta hau cinya."

"To buhunan fa, ɗan nan?"

"Sama za su hau, Hajiya, akwai igiya. Malam, zo nan gaba, akwai wuri. Kai ma zagayo ta can."

Cikin minti biyu an sauya ƙirar abin hawan ba tare da an taɓa ko kusa ɗaya ba. Kilo 100 a kan rufi yana ɗaga cibiyar nauyi daga santimita 65 zuwa wajen 80. Maza biyu da suka sa direba a tsakiya sun jawo ta gaba, inda alwatika ta tsuke, faɗin ya koma kamar 35. Iyakar ta sauko daga kashi 58 zuwa 43, gudun da zai ɗaga ƙafa a waccan kwanar ya koma kilomita 23. In mutum ɗaya ne ya zauna gefen direba, to ya kuma karkata nauyin gefe da kamar santimita 3. Mu a Nijar dama muke bi, shataletale hagu ake zagaya shi, ƙarfin na tura wa dama. Wanda ya raɓa ta hannun daman direba yana zaune ne a daidai inda ba a son nauyi. Abin mamaki, fasinjojin baya ba su ne matsala ba. Suna zaune kan faɗin alwatika, har ma adaidaita mai mutum uku a baya ta fi wadda ke tafe da direba shi kaɗai samun faɗin dogaro, domin shi a tsinin yake zaune.

Sai birki, kuma a nan ne masu biyu-a-gaba suka fi mu hujja. Idan aka taka birki nauyi gaba yake zubowa. A ɗaya-a-gaba, gaba shi ne tsini. Idan aka haɗa birki da kwana, layin nauyi ya karkata gaba da waje lokaci guda, ya nufi daidai kusurwar da babu taya. A misalinmu na ranar Juma'a, birki matsakaici, mai ƙarfin kashi 40 na nauyi, yana tura wurin saukar nauyin gaba da santimita 32, faɗin ya rage zuwa 25, gudun kifewa ya sauko kilomita 20. Kuma wa ke shiga kwana da niyyar taka birki? Akuya ce ke fitowa, ko ɗan kabu-kabu ya yanko, ko yaro ya biyo ƙwallo. Direba ya taka ya kuma kauce, abu biyun da kowane ɗan Adam zai yi, kuma haɗuwarsu ce mafi muni ga wannan ƙira. A biyu-a-gaba, wannan layin yana faɗawa kan tayar gaba ta waje, inda alwatika ta fi faɗi. Birki a kwana yana ƙara mata zama.

Ita ma tana da nata raunin, a juye: idan aka murɗa totur a tsakiyar kwana nauyi ya koma baya, wajen tsini. Sai dai ba a haɗa ƙarfin birki da na inji. Birki mai kyau a kwalta yana iya jan fiye da rabin nauyin abin hawa, inji mai ƙarfin doki 10 kuwa da ƙyar ya tura kashi ɗaya cikin biyar idan an yi lodi. Ban da haka, totur da gangan ake murɗa shi, birki kuma sau da yawa firgita ke taka shi. Raunin da ke zuwa lokacin da mutum ya zaɓa ya fi sauƙin zama da shi.

Akwai bambanci na biyu da ba ya fitowa sai an yi gudu. A mai ƙafa uku, ɓangaren da ke da taya biyu shi kaɗai ke hana jiki kwantawa, don haka duk nauyin da ke ƙaura daga ciki zuwa waje a kansa yake ƙaura. Tayoyi biyu da aka danne ɗaya aka sauƙaƙa wa ɗaya ba sa riƙe ƙasa kamar idan an raba musu daidai, saboda haka wannan ɓangaren ke fara zamewa. A ɗaya-a-gaba baya ne ke fita, abin hawa ya juya fiye da yadda aka nema, kuma sai gwani ke iya kamo shi. A biyu-a-gaba, gaba ne ke ƙin bin kwana, ya buɗe waje, maganinsa kuma shi ne a saki totur, abin da ko ɗan koyo zai yi da kansa.

Tarihi ya nuna wannan a aikace. Reliant Robin ta Ingila, wadda ta fito a 1973, injinta na gaba dab da taya gudan, shi ya sa ta yi suna wajen ɗaga ƙafa. Idan aka duba ta nan, mayar da injin baya da Bajaj ya yi a 1977 gyara ne babba. A Amurka, baburan daji masu ƙafa uku da Honda ya fara sayarwa a 1970, masu tayar gaba ɗaya da kujera a sama, sun yi ta kifewa da mutane, yara da yawa a ciki, har a 1988 gwamnati da kamfanonin suka yi yarjejeniyar daina sayar da sababbi. Amma kar a ɗauka juya tayoyi kaɗai ya isa. Motar Dymaxion da Buckminster Fuller ya ƙera a 1933 biyu gare ta a gaba, sai dai da tayar baya ake juya ta, abin da ke da wuyar sarrafawa a guje. Guda uku kawai aka yi, ɗaya ta yi haɗari a Shikago a shekarar, direbanta ya rasu. Can-Am Spyder na Kanada, da ya fito a 2007, biyu ne a gaba, amma da yake mahayi a sama yake zaune kamar kan babur, sai da aka sa masa kwamfutar da ke rage wuta ta kama birki da kanta idan taya na shirin tashi. Abin da ke sa Morgan ta zauna daram shi ne injinta na kan layin tayoyin gaba, mutanen ciki kuma kusan a ƙasa suke zaune. Ɗora mata rumfa mai tsayin adaidaita da buhu a sama, ita ma za ta ɗaga.

Batun iska ya fi sauƙin bayani. Turjiyar iska tana bin abu uku: girman fuskar da abin hawa ke nuna wa iskar, siffarsa, da gudu. Gudun ne mai zafi, domin idan ya ninka biyu turjiyar ta ninka huɗu, ƙarfin injin da ake buƙata don karya ta kuma ya ninka takwas. A siffa kuwa mutane da yawa na zaton gaba mai tsini ne ke yanka iska. A irin gudun mota baya ne ke yanke hukunci. Iska ba ta damu da kai mai kauri ba in dai zagayayye ne; abin da take so shi ne jiki ya yi ta sirancewa a hankali har ta haɗe a bayansa ba hargitsi. Inda baya ya yanke a faɗi, iska na rabuwa da jiki ta bar wani rami mai ƙarancin matsi da ke jan abin hawa baya. Kana iya ganinsa da ido a hanyar Madarunfa: ƙurar da ke murɗawa tana bin bayan adaidaita, tana dawowa ta sauka a kan mayafin fasinja. Biyu-a-gaba ta dace da siffar da iska ke so, faɗi a gaba, wutsiya a kan taya guda. Ɗaya-a-gaba kuwa mafi faɗinta a baya yake, a inda ya kamata ta tsuke. Shi ya sa motocin gasar tsimin mai ta Shell Eco-marathon, da kekunan feda masu rufi da ake yi a Holan da Jamus, yawancinsu biyu ne a gaba. Kamfanin Aptera na Kalifoniya na cewa ma'aunin turjiyar motarsa 0.13 ne, alhali na motar gida wajen 0.3 yake.

Misalin da ya fi burge ni tsoho ne. Messerschmitt KR200 ta Jamus, ta 1955, mai biyu a gaba, injinta mai girman cc 191 ne, mai ƙarfin doki kusan 10, wato sa'an injin adaidaita. Tana kai kilomita 90 a awa, tamu kuwa wajen 65 take tsayawa. Amma adalci shi ne a faɗi cewa ba tsarin tayoyi kaɗai ya ba ta wannan ba. Mutum biyu take ɗauka, ɗaya a bayan ɗaya, tsayinta kamar santimita 120, ga rufi a rufe ruf. Adaidaita tsayinta ya kai 170, gefunanta a buɗe, iska na shiga ta daki kujerar baya da tamfol. Kuma biyu-a-gaba na biyan nata kuɗin: tayoyin da ke juyawa suna buƙatar fili. Ko a rufe su cikin jiki fuska ta yi faɗi, ko a fitar da su waje da nasu murfin. Aptera ta zaɓi na biyu, faɗinta ya haura mita 2.2, ya fi na Hilux. A kawo ta lungunan Maradawa a gani.

To mu nawa iska ke ci mana? Mu ƙaddara fuskar adaidaita kusan murabba'in mita 2 ce, ma'aunin turjiyarta rabi (0.5), nauyinta da mutane kilo 650. A gudun kilomita 30 iska na tura ta baya da ƙarfin da bai wuce nauyin kilo 4 ba, alhali mirginawar tayoyi a kwalta na cin kamar kilo 10. Sai an kai wajen kilomita 45 suke yin kunnen doki. A 60 iska ta koma kilo 16, ta zama babbar mai shan mai. A cikin rairayi kuwa turjiyar tayoyi na iya haura kilo 60, maganar iska ta zama wasa. Ɗan adaidaitar da ke wuni tsakanin kasuwa da tasha da asibiti, yana tsayawa kowane mita ɗari biyu, in yana son rage kuɗin mai, ya duba iskar da ke cikin tayarsa ya bar ta waje. Wanda ke bin hanyar Tibiri ko Jiratawa ko Ɗan Isa shi ne iska ke ci wa aljihu, musamman da hunturu idan ya fuskanci gabas: gudun 50 da iskar gaba mai 20 daidai yake da gudun 70 a wajen turjiya. Iskar gefe ta fi wannan haɗari. Idan hadari ya taso direbobi kan saki labulen gefe don kare fasinja daga ruwa, sai jikin ya zama bango mai tsayi, iska ta samu abin turawa a sama da cibiyar nauyi, a kan abin hawan da iyakarsa ta riga ta yi kusa. Haka bugun iskar tirela idan ta wuce a babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram.

Idan biyu-a-gaba ta fi a birki, ta fi a kwana, ta fi a iska, me ya hana Indiya da Sin su juya tayoyin? Amsar na garejin bakin titi. Ka tsaya ka kalli yadda ake gyaran adaidaita. Maigida ya ce wa yaransa, "Ku kwantar min da ita," yara biyu su kama gefe guda su ɗaga, a tokare da tsohuwar taya, shi ke nan cikinta ya bayyana. (Sauƙin da suke ɗaga ta da shi ma darasi ne ga mai lura.) A gaba ba komai sai ƙarfe guda da ya sauko daga kan da direba ke riƙewa, da sifirin da shokozoba, da ƴar taya mai inci 8. Duk wanda ya iya gyaran moto ya iya wannan. Biyu-a-gaba kuwa tana buƙatar irin gaban mota: sanduna da gaɓoɓin da za su juya tayoyi biyu tare, ta ciki ta fi ta waje lanƙwasa, kowace da nata hannun da sifirin, kuma a riƙa saita su, in ba haka ba su cinye taya cikin wata ɗaya. Gaskiya ne tana samun rangwame a baya, inda sarƙa guda ta isa, ba sai an sa giyar da ke raba juyi tsakanin tayoyi biyu ba. Amma a hanyoyinmu gaba ne ke shan dukan rami, kuma kowace gaɓa ƙofar shigar ƙura ce.

Taya guda a gaba tana kuma iya lanƙwasa sosai ba abin da ya tare ta. Adaidaita na juyowa a filin da bai kai mita 6 ba daga gefe zuwa gefe, abin da ke ba ta damar shiga inda tasi ba ta shiga.

Babban dalili dai shi ne kaya. Ƙa'idar ba ta canzawa: nauyi ya zauna kusa da tayoyi biyun. A ɗaya-a-gaba wannan na nufin fasinja da buhu a baya, direba a gaba yana ganin hanya, kuma ƙarin lodi a kujerar baya na ƙara danne tayoyin da ke tura abin hawan. A biyu-a-gaba dole kayan su koma gaba, direba ya zauna a bayansu. Ana yin haka: kekunan haya na Indunisiya da Biyetnam fasinja ne a gaba, har akwai masu inji a tsibirin Sulawesi. Amma ka ƙaddara Hajiya da ƴaƴanta su ne goshin abin hawa a mararrabar da ke cike da motoci, ko direba na leƙen hanya ta saman buhunan gero biyar. In kuma aka bar fasinja a baya kan taya guda, an tara nauyi a tsini, an samu abin da ya fi adaidaita saurin kifewa, an kuma biya kuɗin gaban mota a banza.

Sai rairayi, wanda maƙeran Turai ba su cika sa shi a lissafi ba. Hanyoyin unguwanni da na ƙauye sawu biyu gare su, wanda motoci da amalanke suka daddanne, da tudun yashi mai laushi a tsakiya. Mai ƙafa uku sawu uku yake bi, ko wace ƙira ce, don haka taya guda dole ta hau tudun nan, kamar yadda kuma ba ya iya raba ƙafa ya bar rami a tsakiya. A adaidaita tayar juyawa ce ke hawa. Kai ya yi ta rawa a hannun direba, amma tayoyin turawa na kusa da sawun da ya taurara, da nauyi a kansu. A biyu-a-gaba tayar turawa ce tilo za ta hau yashin, ga shi an kwashe nauyi an kai gaba. Nan take za ta haƙa rami ta zauna. A ganina wannan kaɗai ya isa ya kashe maganar kawo irin wannan ƙira don haya a garin da rabin hanyoyinsa yashi ne.

Akwai masu neman mafita ta uku, su sa jikin ya kwanta cikin kwana kamar babur: Honda Gyro tun 1982, Carver ta Holan mai kwantawa har digiri 45, Piaggio MP3 na 2006 mai biyu a gaba. Suna aiki, amma mutum ɗaya ko biyu suke ɗauka, kuma na'urar kwantarwar ta fi ƙarfin garejin gindin bishiya.

Hukuncina shi ne ƙirar da muke da ita ta dace da aikin da aka yi ta dominsa: lodi a baya, gudu ƙasa da kilomita 40, lungu da yashi, gyara mai arha. Inda take zama ba daidai ba shi ne inda muka fitar da ita daga wannan aikin, muka ɗora ta kan babbar hanya a gudun 60 da mutum biyu a gaba da kaya a rufi. A can duk abin da masu biyu-a-gaba ke faɗa ya tabbata a kanta, kuma ba ƙwarewar direban da za ta faɗaɗa alwatika.

Masu lantarki da suka fara shigowa kasuwannin Afirka za su sake taɓa wannan lissafi ta fuska biyu. Batir abu ne mai nauyi, in aka shimfiɗa shi a ƙasa tsakanin tayoyin baya zai saukar da cibiyar nauyi fiye da duk wani gyara da makanike zai iya yi. Amma ƙananan da ake yi a Indiya faɗinsu bai wuce mita 1 ba, kuma dokar can ta tsayar da gudunsu a kilomita 25; wanda ya sayo irinsu ya sa aka buɗe musu gudu ya cire abin da ke riƙe da su. A garin rana irin namu kuma dole wani zai ce a ɗora faifan sola a kan rufi. Faifai mai kilo 25 a tsayin santimita 175 yana ɗaga cibiyar nauyin adaidaita mai lodi da kamar santimita 4, wanda ba a cikin lodi ba kuma fiye da haka, kuma ba kamar buhun masara ba, shi ba a sauke shi idan an isa gida.